Lissafi a Bayan Takardar Magani

Takardar sauyin aiki ta zo ran Talata,
wai zamana a Bajoga ya isa, in tattara sai Gombe.
Na ninke ta huɗu, na sa a aljihun farar riga
inda almakashi da biro suke kwana.

Ƙarfe biyun dare, ɗakin maza ya yi tsit,
sai tarin tsohon nan na gado na tara.
Na juya bayan takardar magani, na hau lissafi:
albashi ɗaya, baki biyar,
ga keken ɗinkin Tukur, shi ma baki ne,
yana son ƙofa mai kallon hanya.

Ran Asabar Bappayo dillali ya sa mu gaba,
makullai ɗaure a tsumma kamar laya.
Kusa da asibiti ya fara kai mu,
gida mai tayil, famfonsa har da ruwa.
Mai gidan ya dubi farin takalmina,
ya ce, "Likita, ai ke kin fi ƙarfin ciniki."
Kafin in zauna kuɗin sun haihu,
dubu ɗari shida ta koma takwas.
Na ce allura nake yi, Alhaji, ba na buga kuɗi.

Tumfure da sauƙi, iska ma kyauta,
amma na ƙirga keke biyu zuwa, biyu dawowa,
sau ashirin da shida a wata,
sai na ga arahar ta bi kwalta ta tsiyaye.
In aka kira ni tsakar dare fa, wa zai kai ni?

Wani gidan a bakin kwari yake,
ɗaki uku a kuɗin ɗaya.
Na leƙa bayan katanga,
ƙasa a gutsure kamar tuwon da aka ci gefensa.
Jibo ya jefa dutse, muka jira ƙararsa,
muka jira.
Bappayo ya ce ai damina da saura.
Ban saki hannun yaron ba sai a titi.

Rana ta huɗu na bar farin takalmi a jaka,
na zura silifas da tsohon mayafi.
Pantami, lungu na uku bayan mai niƙa:
ɗaki biyu da zaure, rijiya a tsakar gida,
lemun tsami ya jingina da bango kamar mai jiran wani.
Tukur ya auna zauren da taku, kekensa zai shiga.
Daso da kunne ta gano makaranta, ƙararrawa ta ji.
Hawa ɗaya ne zuwa aiki,
in wata ya yi nisa, ƙafa ma mota ce.

Mai gidan, Goggo Adda, ta ce ɗari uku da hamsin.
Na yi niyyar shiru, wallahi na yi niyya,
sai idona ya faɗa kan ƙafarta,
a kumbure, fatar tana sheƙi kamar kwalba.
Na durƙusa na danna da yatsa, ramin bai ciko ba.
"Goggo, yaushe rabon a auna jininki?"
Bappayo ya dafe kai.
Tukur ya sami abin kallo a sama.

Ta daɗe tana dubana.
Ba ta rage ko sisi ba, ba ta kuma ƙara ba.
Ta ce, "Rabi yanzu, rabi in an cire gyaɗa.
Guga na nan a rataye, ni ba na sayar da ruwa."

Yau wata biyu ke nan.
Rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya,
mun ajiye masa roba yana yi mata hira.
Unguwa duk ta san ƙofata,
ana buga ta da zazzaɓi, da ƙunar ruwan zafi, da naƙuda,
a tafi a bar mini ƙwai uku, ko godiya tsura.
Takardar lissafin tana nan a aljihu, ta yi laushi,
har yau ban san inda zan rubuta wannan bugun ƙofa ba,
layin abin shiga
ko layin abin fita.